Yadda za ki sa ƙaramin kicin ya ishe ki a gidan haya

Duk wadda ta zauna gidan haya a Gombe, Pantami ne ko Bolari ko Jekadafari, ta san yadda ake yanka kicin. Sai an gama fitar da falo da uwar ɗaka da banɗaki, ɗan abin da ya rage shi ne na girki. Nawa ƙafa 6 ne da ƙafa 5, taga ɗaya, kuma a nan nake dafa wa gida mai yara, har girkin azumi. Da yake ina cikin waɗanda ake ɗauka jere idan an yi aure a danginmu, na shiga kicin iri-iri, kuma abin da na fi gani yana takura mata shi ne kayan da aka zuba don idon 'yan ganin ɗaki, alhali girki bai buƙace su ba.

Don haka kafin ki kira kafinta ko ki sayi wani abu, ki samu ranar da ba ki da baƙi, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki fito da komai. Abin da hannunki ke taɓawa kullum shi kaɗai zai koma ciki: tukwane uku ko huɗu, kasko, muciya, mara, ludayi, wuƙa, rariya, da faranti da kofuna daidai yawan mutanen gidan, da ƙarin biyu saboda baƙo. Tandar masa da madambaci, idan ba sana'a kike yi da su ba, sai su hau can sama. Babbar tukunyar suna, manyan kuloli da setin tangaran kuwa, ki naɗe su a kwali, ki rubuta abin da ke ciki a jikinsa, ki ɗora a saman sif ko ki tura ƙarƙashin gado. Na san nan ne wurin da zuciya ke nauyi. Iyaye sun yi adashi, sun hana kansu, kafin su haɗa waɗannan kaya, sai mace ta ga kamar ɓoye su raini ne. A ganina ajiye su cikin kwali ya fi barin su suna shan hayaƙi da maiƙo da ƙurar hunturu har fentinsu ya dusashe. Abin da kike da irinsa har uku kuma, ki taimaka wa ƙanwa ko 'yar maƙwabta da ake haɗa wa kayan ɗaki.

Bayan an rage kaya, sai a koma kan bango. Ƙa'idata ita ce, in ban da tukunyar gas da bokitin ruwa, kada komai ya zauna a ƙasa. Ƙasa ta ƙafarki ce da tsintsiya. Inda duk aka jibge kaya a ƙasa ba a share bayansu, can kyankyaso da ɓera ke tarewa.

Kanta ita ce babban aiki. Katakon da kafintoci suka fi amfani da shi faɗinsa inci 12 ne, tsawonsa ƙafa 12, ana samunsa a Kasuwar Katako. A kicin irin nawa falle ɗaya yana ba da kanta biyu. Kafin ki tura a saya, ki ɗauki igiya ki auna bangon, ki kuma auna tsayin tukunyarki mafi girma har da murfinta, domin shi ne zai nuna ratar da za a bari tsakanin hawa da hawa. Kada ki bar wa kafinta wannan, shi bai san tukwanenki ba. Masu nauyi su zauna hawan ƙasa, daidai ƙirjinki ko ƙasa da haka, marasa nauyi da waɗanda ba a cika nema ba su hau sama. Kuma kada a kafa kanta daidai saman wuta. Tururi da zafi za su lanƙwasa katakon, sannan duk miƙa hannun da za ki yi ta kan tukunya mai tafasa, da mayafi ko hannun riga, kasada ce.

Ki fara sanar da mai gidan kafin a huda masa bango. Idan ya ƙi, kada ki ja da shi, ki je wurin mai walda ya haɗa miki kantar ƙarfe mai tsayuwa da ƙafafunta, hawa huɗu, siririya mai tsawo. Ki ce ya ɗaga hawan ƙasa kamar taki ɗaya daga daɓe yadda tsintsiya za ta shiga, ya kuma shafa mata fenti saboda tsatsa. Ni ma ita na fi so, don ranar da za ku tashi da ita za ki tafi. Sai dai idan akwai yara masu hawa, a ɗaure samanta da bango ko da ƙusa ɗaya ce da waya.

Duk abin da ke da mariƙi ko huda, rataye shi. Sandar ƙarfe ɗaya da 'yan ƙugiyoyi ta ɗauke ludayi, rariya, kasko, almakashi da faifai. Murafan tukwane su ne suka fi cin wuri a banza, ba sa jeruwa, kullum cikin zamewa suke. Ki sa a buga siririyar sanda a bayan ƙofa da 'yar rata, ki riƙa soka su ciki, mariƙin ya tokare. In murafai sun fita, tukwane sai su shige cikin juna, huɗu su zauna a wurin ɗaya. Kujerar tsuguno ma tana da ƙusarta. Wuƙa kawai nake cewa ta yi sama sosai, inda yaro ko ya taka wani abu ba zai kai ba.

Ki tabbatar kin bar wa kanki wurin yanka da ya kai faɗin babban tire, wanda ba a ajiye komai a kai. Idan babu, kafinta zai iya maƙala katako a bango da irin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, ki ɗaga shi lokacin aiki, ki sauke in kin gama. Babban turmi ba na kicin ba ne, ki kife shi a inuwa a tsakar gida, ɗan ƙaramin na jajjage ya zauna ciki.

Sai kayan abinci, kuma nan ne ake yawan samun saɓani da maigida. Ya je kasuwar Tudun Hatsi lokacin kaka ya sayo masara da gero da wake da sauƙi, abin alheri, amma sai a sauke buhunan a kicin su cinye rabin wurin. Buhun shinkafa mai kilo 50 kaɗai ya isa ya hana ƙofa buɗewa. Ki lallaɓa shi a nema musu wani lungu, sito ko bayan ƙofar ɗaki, a ɗora su kan katako ko bulo, kada su jingina da bango saboda danshin damina. Abin da zai shigo kicin na mako ɗaya ne kawai, mudu biyu ko uku na kowane, a cikin robobi masu murfi. Ki nemi robobi masu girma ɗaya, irin bokitan kastad, don su hau kan juna. Robar da ta taɓa ɗaukar fenti ko maganin feshi, ko an wanke ta, kada abinci ya shige ta.

Wake ya fi kowa rigima. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki ɗura a jarka mai tsabta har wuya, ki ɗaure murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki iska suke shaƙa, in ta ƙare sai su mutu, ba sai an zuba magani ba. Haka buhun ajiyar hatsi da ake kira PICS yake aiki, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa kullum, shi ya sa ƙananan jarkoki da yawa suka fi babba ɗaya.

Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa da yaji, kowanne ya samu kwalbarsa. Kwalaben Bama da na zuma da aka shanye sun wadatar, a liƙa takarda a rubuta suna saboda ranar da wata za ta kama miki girki. Ƙulle-ƙullen leda su ke cika kanta, su kuma ke jawo sayen abin da kina da shi. Albasa ki rataye ta a kwando mai shan iska, nesa da dankalin Turawa, don zamansu tare yana saurin lalata su. Manja da man gyaɗa ki zuba na amfani a ƙaramar gora, jarkar ta koma inda ba rana ba zafin wuta.

Duron ruwa ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, da murfi mai nauyi saboda yara. Firij ma, in wuri ya matse, gara ya zauna a falo. Yana buƙatar rata a bayansa don zafinsa ya fita, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa wajen digiri 40, ajiye shi gefen wuta wahalar da injinsa ne.

Abu ɗaya da ban yarda a matse shi don neman wuri ba shi ne gas. Na sha ganin an cusa tukunya mai kilo 12.5 a cikin kabad an rufe don kicin ya yi kyau, kuma duk inda na je jere ina hanawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwantawa ya taru, a rufaffen wuri kuwa ba shi da mafita. Tukunyar ta tsaya a miƙe, a sarari, kusa da ƙofa ko taga, kada labule ko leda ko jarkar mai su raɓe ta. Mai kilo 6 da ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye ta zauna a daɓe mai daidai, a kusurwar da ba hanyar wucewa ba. Lokaci-lokaci ki shafa ruwan sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa, in kin ga kumfa na tashi to yana zuba, a canza. Ki riƙa rufe kan tukunyar da dare. Idan kika ji warinsa, kada ki kunna ko ki kashe wutar lantarki, kada ki ƙyasta ashana, ki rufe kan, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara.

Gawayi kuma a waje ake hura shi, a waje ake girki da shi. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, kuma ƙaramin kicin nan da nan take cika shi. Ko ruwan sama ake yi, ki ja murhun ƙarƙashin baranda ko rumfa inda iska ke ratsawa, in kin sauke tukunya ki kashe garwashin a can.