Kurakuran da ake yi wajen sakin littafin ƙagaggen labarin kimiyya kyauta a intanet

A watan Janairun 2003 kamfanin Tor na Amurka ya buga littafin ƙagaggen labari na farko na Cory Doctorow, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ɗan asalin Kanada, mai suna Down and Out in the Magic Kingdom. Littafin na shiga shaguna, marubucin ya ɗora shi gaba ɗayansa a intanet, ya ce duk mai so ya sauke, ko sisi ba zai biya ba. Tun daga lokacin ake kafa hujja da shi cewa kyauta ita ce hanyar yin suna da samun kuɗi. Sai dai masu kwaikwayonsa da yawa rabin labarin suka ji, kuma a ɗaya rabin ne ake tafka kurakuran.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne sakin littafi alhali babu abin sayarwa a bayansa. Doctorow bai yi kyautarsa ba sai da bugun takarda ya isa kanti. Haka ma kamfanin Baen, wanda mai shi Jim Baen da marubuci Eric Flint suka buɗe wa ɗakin karatu na kyauta a intanet wajen shekarar 2000. Yawancin abin da suka zuba a ciki littattafan farko ne na jerin labarai masu ci gaba, kamar On Basilisk Station na David Weber. Wanda ya gama na ɗaya, labarin ya kama shi, dole ya nemi na biyu, shi kuwa na kuɗi ne. Ɗanɗano ne irin na mai kilishi, wanda ba ya miƙa maka yanki sai fai-fansa na cike a gabansa. Saboda haka kafin ka saki naka, tambayi kanka: idan mai karatu ya kai shafin ƙarshe kuma yana son ya biya, ina zai kai kuɗin? In ba ka da amsa, dakata har bugun takarda ko na murya ko kashi na biyu ya kammala, sannan ka rubuta inda ake samunsa a farkon littafin da ƙarshensa.

Daga nan sai batun izini, inda marubuta da masu karatu suke yin tuntuɓe tare. Mutum ya rubuta "kyauta ne" a bangon littafi ya ɗauka ya gama magana. Kyauta a karanta, ko kyauta a raba wa wasu? A fassara fa? A buga a sayar fa? Waɗanda suka san abin da suke yi sun yi amfani da lasisin Creative Commons, wato rubutaccen izini da ke fayyace abin da jama'a za su iya yi da aikin, wanda ya fara fitowa a Disambar 2002, kuma iri-iri ne. Akwai mai hana kasuwanci da aikin, akwai mai hana a sauya shi ko a ƙirƙiri wani abu daga cikinsa, akwai mai yarda a sauya da sharaɗin sabon aikin ya fita da irin wannan izinin. Charles Stross ya saki Accelerando a 2005 da lasisin da ya yarda a raba amma ya hana sauyi. Shi ma Doctorow da irinsa ya fara, sai a 2004 ya sassauta, ya ba da damar a fassara ko a sarrafa littafin muddin ba don kuɗi ba. Wannan bambanci ya shafi duk mai sha'awar mayar da irin waɗannan littattafai Hausa, domin fassara sauyi ce a idon doka. Na Doctorow za ka iya fassarawa ka raba kyauta, na Stross kuwa sai ka nemi izini tukuna. Kai marubuci kuma ka sani cewa wannan lasisi ba a janye shi. Kana iya sauke littafin daga shafinka gobe, amma wanda ya riga ya samu kwafi yana da damar ci gaba da rabawa. Wanda bai shirya wa hakan ba gara ya rubuta nasa sharaɗin a fili: a karanta a nan, kada a kwafa.

Akwai kuma masu sakin abin da ba nasu kaɗai ba ne. Da zarar ka sa hannu a yarjejeniya da kamfanin ɗab'i, mai yiwuwa haƙƙin bugun na'ura ya koma hannunsu. Doctorow da Stross da yardar kamfanoninsu suka yi. Ko mai buga wa kansa bai tsira ba, don tsarin KDP Select na Amazon yana sharɗanta cewa tsawon kwana 90 kada a sayar ko a raba bugun na'ura na littafin a wani shago ko shafi sai wurinsu. Karanta takarda kafin ka danna.

Labarin Andy Weir ne ya fi ruɗar mutane. Ya riƙa sakin The Martian babi-babi a shafinsa, kamfanin Crown ya buga shi a 2014, aka yi fim ɗinsa a 2015. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya shafe shekaru yana ɗora rubuce-rubuce kafin nan, har ya tara masu karatu da suka san lissafi da kimiyya, suna nuna masa inda ya kauce yana gyarawa. John Scalzi ma, wanda editan Tor ya ga Old Man's War a shafinsa a ƙarshen 2002 ya saya, ya daɗe yana rubutu a intanet da jama'arsa. Wanda ya ɗora littafi a shafin da ba mai leƙawa, ya zauna jiran edita, zai daɗe yana jira. A ganina darasin Weir na gaskiya ƙarami ne kuma ya fi amfani: masu karatu ne suka roƙe shi ya sa littafin a Kindle, wato manhajar karatu ta Amazon, saboda sauƙin buɗewa, ya sa masa mafi ƙarancin farashi, santi 99, kuma masu saye suka fi masu saukewa kyauta yawa. Wato mutane na biyan kuɗi don guje wa wahala. Kada ka saki PDF kaɗai da sai an yi ta ja da yatsa a waya. Haɗa da EPUB, wato tsarin littafi da rubutunsa ke daidaita da girman fuskar waya, da kuma rubutu zalla.

Kyauta kuma ba hujjar sakin ɗanyen aiki ba ce. Blindsight na Peter Watts, wanda ya fito a 2006 bai samu shiga shaguna sosai ba, ya farfaɗo bayan marubucin ya sake shi kyauta, har ya shiga jerin 'yan takarar Hugo, lambar yabo ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 2007. Amma littafi ne da ya riga ya bi ta hannun edita.

Masu kare haƙƙin marubuta su ma sun taɓa yin nasu kuskuren. A 2007 ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka, SFWA, ta sa shafin Scribd ya cire tarin rubuce-rubuce da sunan yaƙi da satar fasaha, ashe har da littafin Doctorow da shi da kansa ya yarda a raba. Kafin ka kai ƙara a madadin wani, duba shafin farko na littafin.

Mai karatu ma shafin nan zai duba. Ganin littafi a WhatsApp ko Telegram ba ya nufin mai shi ya yafe, abin da marubutan Hausa na intanet suka daɗe suna kuka da shi. In babu bayanin lasisi a ciki, je shafin marubucin ka tabbatar. In kuma lasisin ya hana kasuwanci, to karanta littafin da murya a YouTube ana sa talla a kai yana buƙatar ka rubuta masa ka nemi izini tun kafin ka kunna makirfo.