Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen sabuwar wagon mai shan dizal

Ɗan ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya tare ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan makonni da cire tallafin fetur na ranar 29 ga Mayu 2023. Ya ce, "Yaya, ni fa na gama da fetur. Wagon zan saya sabuwa dal, mai shan dizal. An ce da tanki ɗaya sai ta kai ni Maiduguri ta kusa dawo da ni." Maganar tankin ba ƙarya aka yi masa ba. Sai na ce, "To yaushe rabonka da Maiduguri?" Ya yi dariya, ya ce tun bikin wani abokinsa, shekara huɗu ke nan. Duk zirga-zirgarsa daga Hotoro zuwa Kwari ce, sai kai yara makaranta, sai gidan Hajiya ranar Juma'a. Na ce ya dakata mu yi lissafi. Bai dakata ba. Yawancin abin da zan faɗa a nan a jikin motarsa na gan shi.

Kuskuren farko tun daga zuciya yake farawa. In an ce dizal, abin da ke zuwa wa mutumin Arewa shi ne Marsandi 911 da ke ɗaukar shanu zuwa Legas, ko tsohuwar Land Cruiser, ko injin niƙan unguwa da ya shekara talatin yana ɗan-ɗan-ɗan bai taɓa kwana a gareji ba. In kuma an ce wagon, sai a tuna Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Golf wagon ɗin da ke cika tashar Unguwa Uku, a loda mutum a loda buhu tana tafiya. Sai mutum ya haɗa waɗannan biyun a ransa, ya ɗauka abin da zai samu ke nan. Sabuwar Passat ko Škoda Superb ko Marsandi E-Class wagon suna kawai suka tara da waɗancan. Tun da Turai ta kawo dokar hayaƙi ta Euro 5 a 2009, sannan Euro 6 a 2014, injin dizal na ƙaramar mota ya koma ɗan gata. An ɗaura masa matatar hayaƙi, da tankin wani ruwa na daban, da na'urori masu sa ido a kan komai, kuma duk an tsara su ne da man Turai da titin Turai a rai. Wanda zai saya ya fara cire tsohuwar 911 daga lissafinsa.

Sai kuskuren ƙirga lita a manta da naira. Gaskiya ne dizal ya fi auki: litarsa ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi iya tatse ta. Amma a Nijeriya an daɗe da sakar wa dizal mara, kasuwa ke yanka masa farashi, kuma kowa ya ga yadda ya fi ninki biyu cikin 'yan watanni a 2022, har masu gidajen burodi da ƙananan masana'antu suka yi ta kuka. Ga yadda ake lissafin, da alƙaluman misali da kowa zai musanya da farashin ranar da yake ciki. A ce mai fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, mai dizal lita 6. A ce fetur naira 1,000, dizal 1,200. Wanda ke tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai kashe 1,600,000 a fetur ko 1,440,000 a dizal. Rarar ita ce 160,000. In mai dizal ɗin ta fi 'yar'uwarta tsada da miliyan 3, sai ka kusa shekara 19 kafin ka mayar da kuɗinka, kuma ba a sa sabis a ciki ba. Mai tafiyar kilomita 50,000 a shekara shi ne zai mayar a shekara bakwai da rabi. In kuwa farashin dizal ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku, rarar ta tafi gaba ɗaya. Kada a yi wannan lissafi da alƙaluman takardar talla, kuma kada a yi shi da kintace. Duba mitar motarka ta yanzu, ka ga nawa ka ci a bara.

Inda aka fi ɓarin kuɗi shi ne matatar hayaƙi, wadda ake kira DPF, don haka bari in daɗe a nan. Wata tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, aikinta tare baƙin toka kada ya fita iska. In ta cika, dole ta ƙone abin da ta tara, kuma hakan na buƙatar zafin da ya kai digiri 600 ko kusa da haka. A kan doguwar hanya motar na yin wannan aiki da kanta, direba bai ma sani ba. A cikin gari kuwa, daga wannan danja zuwa waccan, ga A Daidaita Sahu gaba da baya, salansa ba ya kai wa wannan zafi. Sai kwamfutar motar ta ƙara fesa mai don ta hura wutar da kanta, aikin da ke cin minti goma zuwa ashirin. Tana tsaka da yi, sai Alhaji ya iso bakin kasuwa ya kashe mota. Gobe ta sake farawa, ya sake kashewa. Wani ɓangare na man da aka fesa yakan zurara ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi.

Wata huɗu da sayen motar ɗan'uwan nawa ya kira ni: wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, ya yi mako biyu yana kallonta, yanzu kuma motar ta ƙi gudu, ko ya take totur har ƙasa. Na same shi a gareji. Bakaniken ya zaro gejin baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya miƙo mana. Man ya haura alamar cika da kusan faɗin yatsa biyu. Ya kai hanci, ya ce, "Alhaji, shinshina ka ji. Wannan ai gas ne a ciki." Ɗan'uwan nawa ya rantse bai taɓa ƙara ko cokali ba, kuma gaskiyarsa.

Gyaran wannan kuskure kafin saye ya fi sauƙi: in yawancin tafiyarka ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a cikin cunkoso ba, bar dizal, nemi wagon mai fetur ko mai haɗin fetur da batir. In an riga an saya, a riƙa hawa babban titi duk mako ɗaya ko biyu, a yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin ba tsayawa, da gudun da ya wuce kilomita 60 a awa. A koyi gane lokacin da take ƙona tokar: ƙarar injin na ɗan tashi a tsaye, fanka na ta juyi, ana jin warin zafi daga ƙasa. In an ji haka, a ƙara zagaye kafin a kashe. Ranar da fitilar ta kama, ranar ake hawa titi, ba a jira ƙarshen wata.

Za ka samu wanda zai ce, "Oga, kawo mu fasa mu zubar da cikin, mu goge ta a kwamfuta, ka huta." Ana yi, kuma mota na tafiya. Sai dai garanti ya tafi a ranar, hayaƙin da aka tare zai koma huhun yaran da ke tsaye bayan mota a gareji, kuma in wanda ya taɓa kwamfutar ɗan koyo ne, sabuwar matsala ka saya. Mazauna Ingila su ma kada su fara, motar da aka cire wa wannan matata ba ta wuce gwajin shekara. Ni dai ban ga hikimar biyan kuɗin sabuwar fasaha sannan a biya wani ya farfasa ta da guduma ba.

Na gaba shi ne raina maganar ingancin mai. Injin zamani na tura dizal da matsin da ya kai 2,000 a ma'aunin "bar", alhali iskar tayar motar ba ta wuce biyu da ɗoriya ba. Ramukan nozul ɗin da ke fesa man cikin inji kusan kaurin gashin kai ne, kuma shi kansa dizal ɗin ne ke shafa wa famfon maiƙo. In an surka shi da kananzir, santsin ya ragu. In da ruwa a ciki, tsatsa ta shiga. Famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi layi har nozul da tanki, sai a canza duka. Ga kuma salfa, wato farar wuta: Turai ta tsaya a kan kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Nijeriya kuwa ta daɗe tana karɓar mai da ya kai 3,000. Ƙasashen ECOWAS sun amince da 50 a 2020, matatar Dangote ta fara sayar da dizal a 2024, amma abin da ke kan takarda daban, abin da ke kwance a tankin ƙasa na wani gidan mai a bakin hanya daban. A zaɓi gidan mai babba da tireloli ke yawan sha, don mansa ba ya kwana. A guji na 'yan bumburutu ko da a leda aka naɗo jarkar. A canza matatar mai kafin lokacin da littafin ya faɗa, kuma a san inda ake tsiyaye ruwan da ta tara.

Wani abu ƙarami mai tsada: yaron gidan mai ya saba duk ƙaramar mota fetur take sha. Ka tsaya kana amsa waya, ya zura maka fetur. In haka ta faru, kada a murɗa makulli ko sau ɗaya, a tura ta gefe a zuƙe tankin. Manna takarda a murfin, kuma ka fito ka tsaya a kansa.

Da yawa sai bayan sun kai mota gida suke ganin ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai. Na AdBlue ne, ruwan yuriya kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, da ake fesawa cikin salansa don kashe gubar hayaƙi. Mota na shan kamar lita ɗaya zuwa biyu a kilomita 1,000. In ya kusa ƙarewa za ta fara ƙirga maka kilomita, in ya ƙare ka kashe ta, ba za ta sake tashi ba. Zafi na lalata shi, don haka jarkar da ta sha ranar Afrilu a gaban shago ba abin saye ba ce. Kuma kada wani ya ce ai takin yuriya ne, a jiƙa na gona a zuba. Kafin ka biya kuɗin mota, nemo inda za ka riƙa samun wannan ruwa a garinku. Haka baƙin mai: mota mai DPF tana buƙatar mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta wa C2 ko C3 a galan, gwargwadon abin da littafinta ya ce. Wanda ake zuba wa tirela zai toshe matatar da tokar da ba ta ƙonewa.

"Sabuwa" ma kalma ce mai ruɗi. Mota na iya zuwa da ledarta a kujera amma ba ta da uwa ba ta da uba, domin dillali ne ya shigo da ita daga Jamus ko Beljiyam, wakilin kamfanin a nan bai san da ita ba. Tambayi wanda zai ɗauki garantin, a rubuce. Ɗauki lambar jikin motar ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tambayi kuɗin nozul ɗaya da matatar mai, ka ji ko akwai, ko sai an yi oda an jira wata guda. Nemi bakaniken da ke da kwamfutar da ke karanta irinta, ka gan shi da idonka. Masu 'yan'uwa a Ingila su tuna sitiyarin can a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, dokar hanya ba ta yarda da irin wannan mota ba.

A kan siffar motar ba ni da dogon zance. Wagon ta fi jif kwanciya a hanya, ta fi ta ƙarancin shan mai, but ɗinta kuma ya fi na jif da yawa tsawo. Amma ƙasa-ƙasa take, kuma salansa da tankin AdBlue a ƙarƙashi suke. In layinku na zama kogi da damina, ko tudun rage gudun unguwarku irin wanda matasa suka gina da kansu ne, gwada ta a kai da mutum biyar a ciki kafin ka biya. Duba kuma nauyin da aka yarda ta ɗauka, yawanci tsakanin kilo 500 da 600 ne har da mutane. Manya biyar da buhun shinkafa uku sun kusa cinye shi.

Sai ranar sayarwa, wadda mai ɗokin sabuwa ba ya son a ambata. A kasuwar motocin Kano ko Kaduna, mai neman ta hannu Corolla da Camry yake tambaya, ƙaramar mota mai dizal sai ta daɗe tana shan ƙura. A Nijar lamarin ya ɗan bambanta, gazuwal, wato dizal, ya fi karɓuwa, ga matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, amma can ma Hilux da Land Cruiser ake rububi. A Turai kuwa tun badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙi ta Volkswagen a 2015 kasuwar dizal ke ja da baya, har Volvo, uwar wagon, ta daina ƙera mai dizal a 2024. Bahaushen da ke zaune a Landan ya sani cewa sabuwar Euro 6 ba ta biyan fam 12.50 na yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, amma ya sa faɗuwar darajarta cikin lissafi.

Akwai wanda wannan mota ta dace da shi sosai: mai bin Kano zuwa Abuja ko Sakkwato duk mako, mai gidan man da ya amince da shi, mai bakanike na hannu. Shi zai ji daɗin ƙarfinta wajen wuce tirela da kaya a baya, ya kwana biyu bai leƙa gidan mai ba.

Ɗan'uwan nawa ba ya cikinsu, amma ya ƙi sayarwa da asara. An wanke matatar, an zubar da baƙin man, ya biya abin da har yau bai gaya wa Hajiya ba. Yanzu duk Asabar ta biyu yakan kwashi yara su hau titin Zariya har Kwanar Gafan, in lokacin tumatir ne ya cika but da kwando biyu, su juyo.