Yadda Ake Amfani da Sunan Mahaifi a Takardu

A al'adar Bahaushe, mutum sunansa na yanka ne, sai a jingina shi da na ubansa. Idan aka ce Umaru Musa 'Yar'aduwa, Musan nan mahaifinsa ne. A da har "ɗan" ko "'yar" ake sakawa a tsakani, kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. To amma fom ɗin banki da na makaranta bisa tsarin Turawa aka yi su, inda sunan gida ɗaya ke bin 'ya'ya da jikoki har tattaɓa-kunne. Namu kuwa yana sauyawa: a ce Sani Garba ya haifi Bello, yaron Bello Sani zai zama, Garba ya fita.

Da farko, yanke shawara tun kafin a karɓo wa jariri takardar haihuwa: sunan wa zai shiga gurbin sunan iyali? Na uba ne, na kaka, ko na gari irin na Aminu Kano da Shehu Shagari? Ni dai na fi ganin dacewar na uba. In kana son duk gidanku su tashi da suna ɗaya, sa na kaka a ƙarshe, na uba a tsakiya.

Sannan a tabbata sunan yanka aka rubuta. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe, domin alkunya ta sa yaron da ya ci sunan kakansa ana kiransa Abba, kuma uban kansa wataƙila duk unguwa Ɗanlami ta sani. Malamin firamare ya tambayi yaro, ya faɗi abin da yake ji a gida, shi ke nan ya zauna a rajista. Alhaji da Malam ma girmamawa ce, ba sa shiga fom.

Na uku, zaɓi rubutu ɗaya ka riƙe. Ga kwamfuta, Muhammad daban, Mohammed daban, Muhammadu ma daban. Haka jerin sunayen: yadda suka zo a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), haka za su zo a BVN (lambar tantancewa ta banki) da fasfo. Tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma daga can take ɗauko sunansa.

Mace kuwa ba dole ba ne ta koma sunan miji bayan aure. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarnin ko 'ya'yan riƙo a kira su da sunayen ubanninsu, ga shi kuma takardun karatunta ba za su saɓa ba.

In an riga an samu saɓani, yi rantsuwa a kotu, buga sanarwa a jarida idan an buƙata, ka fara gyara NIN a NIMC, hukumar da ke ba da ita, kafin ka nufi banki.