Yadda ake tsayawa takarar shugabanci a ƙungiyar lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma

Duk wanda ya ƙudurta neman muƙami a irin wannan ƙungiya, ya fara tuna su waye za su jefa masa ƙuri'a. Mutane ne da aikinsu na kullum shi ne titsiye mai ba da shaida a gaban alƙali har sai gaskiya ta yi halinta. Kunnensu ya saba da magana mai daɗi marar tushe, kuma sun iya warware ta zare-zare. Alƙawarin fatar baki ba ya cin kasuwa a wurinsu. Za su tambaye ka abin da ka yi wa ƙungiya kafin yau, kuma ranar da aka tsare wani lauya saboda ya tsaya wa mutumin da gari ya tsana, za su so su san inda kake. Idan kana da amsa, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka san nauyin da kake shirin ɗauka

Ƙungiyoyin nan iri-iri ne. A Amurka akwai NACDL, wadda aka kafa a 1958 domin lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma da aikata laifi, akwai kuma DRI, tun 1960, ta masu kare waɗanda aka kai ƙara a shari'o'in diyya da makamantansu. A Ingila da Wales akwai CBA, ƙungiyar lauyoyin shari'o'in laifi, wadda ta fara a 1969, kuma ta haɗa masu karewa da masu gabatar da ƙara a inuwa ɗaya. Lauyoyin da ke aiki a gaban Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague sun kafa tasu a 2016. Kowace da irin mambobinta da irin damuwarta, amma tushen duka ɗaya ne.

Tushen yana cikin ƙa'idojin aikin lauya da taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a birnin Havana a 1990. Ƙa'ida ta 24 ta ba lauyoyi 'yancin kafa ƙungiyoyi masu cin gashin kansu, ta ce mambobi ne za su zaɓi shugabanninsu, kuma shugabannin su yi aiki ba tare da wani ya tsoma musu baki daga waje ba. Ta 16 ta ɗora wa gwamnatoci alhakin tabbatar da cewa lauya ya yi aikinsa babu barazana ko tsangwama. Ta 18 kuwa, wadda a ganina duk ɗan takara ya kamata ya haddace ta, ta hana a shafa wa lauya laifin wanda yake karewa. Wannan ce aka fi takawa. Lauya zai karɓi shari'ar wanda ake zargi da kisa, kafin ya fito daga harabar kotu an fara yi masa kallon abokin aikata laifin. A irin wannan rana shugaban ƙungiya ne zai fito ya yi magana, ko da ransa ba ya son wanda ake tuhumar.

Akwai kuma ranakun da kan mambobi ke rabuwa. A 2022 lauyoyin CBA sun shiga takun-saƙa da gwamnati kan kuɗin da ake biyansu idan sun tsaya wa marasa ƙarfi. Sun nemi ƙarin kashi 25 cikin ɗari, suka fara ƙaurace wa kotuna a watan Yuni, daga 5 ga Satumba kuma suka tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani. A watan Oktoba aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 57 suka amince da tayin kashi 15. Ka ga ke nan sama da mutum huɗu cikin kowane goma ba su yarda ba, kuma shugabannin dole su ci gaba da jagorantar waɗanda suka ce e da waɗanda suka ce a'a. Ka zauna ka tambayi kanka ko za ka iya.

Mataki na 2: Ka karanta kundin tsarin mulkin ƙungiya kamar takardar tuhuma

Abin mamaki ne yadda lauyan da zai kwana yana bin takardar tuhuma layi-layi yake yi wa kundin ƙungiyarsa karatun sama-sama. Ka nemo kwafin da aka yi wa gyara na ƙarshe, tare da ƙa'idojin zaɓe idan daban aka rubuta su, ka riƙe biro. Shekara nawa ake so mutum ya yi yana mamba kafin ya tsaya? Sai wanda ya taɓa zama a kwamitin zartarwa ne zai nemi shugabanci? Mutum nawa za su sa maka hannu? Wace rana, kuma ƙarfe nawa, ake rufe karɓar fom? Wa ke da ikon jefa ƙuri'a, kuma zuwa yaushe ne dole ya biya kuɗin shekara? Da mafi yawan ƙuri'u ake cin zaɓe ko sai an haura rabi? Idan an yi kunnen doki fa?

Ka lura musamman da hanyar tsayar da ɗan takara. Wasu ƙungiyoyin suna da kwamitin tantancewa wanda ke ganawa da masu sha'awa ya fitar da jerin sunaye. Galibi kundin yakan bar wata ƙofa ga wanda kwamitin bai ɗauka ba, ta hanyar tara sa hannun adadin mambobi. Ka san duka hanyoyin biyu tun kafin ka buƙace su.

Na taɓa ganin wata lauya da kowa ya san ta fi abokan takararta cancanta. Ta miƙa fom saura kwana biyu a rufe, tana murna. Da kwamitin zaɓe ya ɗora sunayen waɗanda suka sa mata hannu a kan littafin ma'aji, sai aka tarar ɗaya daga cikinsu bai biya kuɗin shekarar ba. Kafin saƙon ya iso gare ta wa'adi ya cika. Na ga lokacin da ta tsaya a ƙofar ofishin sakatare riƙe da wasiƙar, ta karanta ta sau biyu, ta ninke ta sa a jaka ba ta ce uffan ba. Ƙungiyar ce ta yi asara a wannan shekarar. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: idan an ce mutum biyar, ka kawo takwas, ka kuma duba rasit ɗin kowanne da idonka.

Mataki na 3: Ka zaɓi kujerar da ta dace da inda kake

A ƙungiyoyi da dama shugabanci tsani ne. A NACDL, alal misali, akwai sakatare, ma'aji, mataimakan shugaba biyu, shugaba mai jiran gado, sannan shugaba. Inda tsari yake haka, ainihin gwagwarmayar a matakan ƙasa ake yin ta, domin wanda ya zama mai jiran gado ya riga ya san shekararsa. Idan ka tsaya jiran kujerar ƙoli kaɗai, za ka tarar an cike ta tun shekarun baya.

Kada ka raina kujerar ma'aji. Wanda ya riƙe ta yakan san mambobi nawa ne na gaske, nawa ne suna kawai, da kuma inda kuɗi ke zurarewa.

Mataki na 4: Ka gina shaidarka tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyu ko uku kafin ka tsaya, ka shiga kwamiti ɗaya da ke da aiki na zahiri, ka riƙe shi da gaske. Zai iya zama na horar da sabbin lauyoyi, ko na nazarin ƙudurorin doka, ko mai rubuta wa kotu bayanin ƙungiya a manyan shari'o'i, ko mai kai wa lauya ɗauki idan an yi masa barazana. Ka karɓi aikin da kowa ke gudu: rubuta bayanan taro, bin mambobi bashin kuɗin shekara, zuwa ofishin 'yan sanda da tsakar dare. Matashin lauyan da ka zauna da shi awa biyu kuna shirya neman belinsa na farko ba zai manta da kai ba, kuma shi zai faɗa wa abokansa fiye da yadda kowace fasta za ta faɗa.

A nan kuma ya kamata ka dubi naka ofishin. Kana da mutane a tsare suna jiran ranar zaman kotu. Shugabancin ƙungiya yana cin lokaci ƙwarai, kuma bai halatta wani ya ƙara wata uku a gidan yari saboda lauyansa ya tafi taro ba. Ka tattauna da abokan aikinka, ka tanadi wanda zai riƙa tsaya maka, ka rage karɓar sabbin shari'o'i. Ka yi magana da iyalinka ma.

Mataki na 5: Ka saurara, ka ƙirga

Ka nemi jerin masu ikon jefa ƙuri'a ta hanyar da ƙa'ida ta yarda, da sakamakon zaɓuɓɓuka biyu ko uku da suka wuce. Sau da yawa za ka ga waɗanda ke fitowa zaɓe ba su kai yawan mambobi ba ko kusa, don haka 'yan ƙuri'u kaɗan ke raba gardama. Ka kasa jerin gida uku: naka, na abokin takara, da waɗanda ba su yanke shawara ba. Lauya zai iya ce maka "Allah ya ba da sa'a" cikin fara'a, wannan addu'a ce kawai. Wanda ya ce "zan zaɓe ka" shi za ka rubuta.

Mambobi ba su da matsala iri ɗaya. Lauyan gwamnati mai kare marasa galihu yana kuka da tulin shari'o'in da suka fi ƙarfinsa. Mai zaman kansa shi kaɗai a ofis yana kuka da jinkirin biyan kuɗi. Na nesa da babban birni yana ganin an manta da shi. Mata lauyoyi da sabbin shiga suna da nasu ƙorafin, wanda ba kasafai suke faɗa a babban taro ba. Ka je ka same su inda suke, ka yi tambaya, ka yi shiru ka rubuta. Ka gaida tsofaffin shugabanni ka nemi shawararsu, amma ka kiyaye kada a ɗauke ka ɗan amshin shatar wani.

Mataki na 6: Ka tsayar da manufofi kaɗan

Daga abin da ka ji, ka ɗauki biyu ko uku waɗanda za a iya gamawa cikin wa'adinka, wanda a wurare da yawa shekara ɗaya ko biyu ne kawai. "Zan kare martabar lauya" kowa na faɗa. Ka ce za ka kafa layin waya da jadawalin lauyoyi masu jiran ko-ta-kwana, yadda duk mamban da aka kama zai ga ɗan'uwansa a ranar. Ka faɗi abin da zai ci da inda kuɗin zai fito. Ka rubuta duka a shafi ɗaya, ka ba wani aboki mai tsaurin ido ya yi maka tambayoyin ƙure kafin masu zaɓe su yi maka.

Mataki na 7: Ka miƙa fom

Da wuri, cikakke, ka karɓi shaidar an karɓa, ka ajiye kwafi.

Mataki na 8: Ka yi yaƙin neman zaɓe da mutuncinka

Hanya mafi ƙarfi ita ce kiran waya da zuwa da ƙafa. Imel da shafukan sada zumunta suna taimakawa, matuƙar ƙa'idojin zaɓe sun yarda. Ka tara 'yan mutane amintattu daga ɓangarori daban-daban, kowa ka ba shi sunayen da zai bi.

Abu uku nake roƙonka ka kiyaye. Na farko, sirrin waɗanda ka kare. Sha'awar ba da labarin babbar nasararka za ta zo maka, amma amanar mutumin tana wuyanka har bayan an gama shari'a. Na biyu, kuɗi da goyon baya daga waje. Ƙungiyar da aikinta shi ne ja da hukuma idan ta kauce hanya ba za ta amince da shugaban da wani jami'i ko ɗan siyasa ya ɗauki nauyinsa ba, kuma irin wannan magana ba ta ɓuya. Na uku, harshenka a kan abokin takara. Ka soki shirinsa iya son ranka, ka bar mutuncinsa. Gobe kuna iya tsayawa wa mutum biyu a shari'a ɗaya.

Idan akwai zaman muhawara, ka gajarce jawabi ka bar lokaci ga tambayoyi. Wanda ya tayar maka da wani kuskurenka na baya, ka amsa shi kai tsaye. Su da suke kallon shaidu suna kwana-kwana kullum, nan take za su gane idan ka fara.

Mataki na 9: Ranar zaɓe da abin da ke biye

Ko a zaure ake zaɓen ko ta intanet, ka tabbatar mutanenka sun san lokaci, sun kuma gwada lambar shigarsu tun jajibiri. Ka naɗa wakili a wurin ƙirga idan an yarda. In ka ga an saɓa ƙa'ida, ka rubuta ƙorafi ga kwamitin da kundi ya ambata, cikin wa'adin da ya gindaya, kafin ka kai maganar ko'ina.

Idan ba ka ci ba, ka kira wanda ya ci a ranar, ka koma kwamitinka a zama na gaba. Masu zaɓe suna lura da wanda ya ɓace bayan faɗuwa.

Idan ka ci, ka nemi zama da mai barin gado cikin makon farko. Ka karɓi bayanan miƙa mulki a rubuce, rahoton binciken kuɗi na ƙarshe, sunayen masu sa hannu a asusun banki, da mabuɗan shafukan ƙungiya. Ka ba abokin takararka wani kwamiti mai nauyi idan zai karɓa. Sannan ka ce a kawo maka fayil ɗin duk mamban da a yanzu yake fuskantar barazana, ko tuhuma, ko ladabtarwa saboda aikinsa, ka kira kowannensu da kanka kafin taronka na farko.