Kurakuran da ke ɓata hoto, daga wanki zuwa firam

Yawancin hotunan biki da na Sallah da ke fitowa dishi-dishi a bangon falo a nan Jos, kyamara ta ɗauke su da kyau. A hanyarsu ta zuwa takarda suka lalace, kuma galibi a WhatsApp ne. Mai hoto ya tura wa amarya, amarya ta tura wa ƙanwarta, ƙanwa ta tura wa mai wankin hoto a Ahmadu Bello Way, a ce masa a yi babba na falo. Alhali WhatsApp yana matse hoto, sau da yawa ya mayar da tsawonsa kusan fiksel 1600, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Wanki mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci. Ke nan ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, na inci 12 da 18 kuwa 3600 da 5400. A shimfiɗa fiksel 1600 a kan inci 18, kowane inci bai samu ko 90 ba, shi ya sa zaren aikin hula yake narkewa, ido ya zama ɗigo. Maganin ba ya cin ko kobo: a karɓi asalin hoton a filas ko a memori, in kuma dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu.

Sai yankan kai. Manyan kyamarori suna ɗauka a ma'aunin tsawo da faɗi na 3:2, waya yawanci 4:3, takardar inci 8 da 10 kuma 5:4 ce. Dole wani gefe ya tafi. Idan mai ɗauka ya cika hoton taf da mutane, injin zai cinye ɗaurin ɗankwalin uwar amarya ko kafaɗar wanda ke ƙarshen layi. A bar fili a gefe tun wajen ɗauka, kuma a ce wa mai wanki ya nuna yankan a kwamfuta kafin ya buga.

Abin da ya fi damuna shi ne fuska. Ango ya sha farar shadda, kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskarsa ta dushe. A allon waya ba a lura, domin allo yana haskawa daga ciki, mu kuma mun ƙure haskensa. Takarda ba ta da wannan fitilar, sai hoton ya fito da duhu. Daga nan wasu su shiga gyara ba ji ba gani, su goge fata har ta koma kamar roba, baƙin mutum ya zama fari, danginsa ma su kasa gane shi. Wannan ɓarna ce. Launin fatarmu yana da kyau a takarda idan an ba shi haskensa. A ƙara haske kaɗan tun wajen ɗauka ana duban fuska, a rage hasken allo lokacin gyara, a ajiye hoton a tsarin launi na sRGB, sannan a wanke ƙarami guda na gwaji kafin a biya kuɗin babba.

Firam ma yana da nasa. Kada hoto ya manne da gilashi. Daminar Jos doguwa ce, danshi yana shiga, takarda mai ƙyalli ta liƙe, ranar da aka zo cirewa ta taho da fuskar mutum. A sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilashin, a rufe bayan da kyau saboda ƙura. Bangon da rana ke duka kai tsaye yana koɗar da launi, bangon da ke jiƙa kuma yana kawo fumfuna.

Wajen sayen kaya, tambayar farko da ake yi ita ce kyamarar megafiksel nawa ce, wato fiksel miliyan nawa take ɗauka. Kyamara mai 24 tana ba da fiksel 6000 da 4000, ta wadatar da inci 12 da 18 har da saura. Gara a rage kuɗin jikin kyamara a sa a lensi, wato gilashin gaban kyamara. Ɗan lensin 50mm f/1.8 na Canon ko Nikon ba shi da tsada sosai, kuma yana aiki a ɗakin amarya inda haske bai isa ba. Mai sayen kyamara ta hannu ya duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ya haska tocila cikin lensin ko akwai zare-zaren fumfuna, ya ɗauki farin bango a f/16, wato an tsuke ƙofar lensin, don ganin ɗigon ƙura a sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Da hunturu, kada a canza lensi a fili cikin iska, a shiga mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Da damina a ajiye ta da 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi.

Memori na jabu ya yi yawa a kasuwa: a rubuce 128GB, cikinsa bai kai haka ba. A cika shi da fayiloli a kwamfuta, a buɗe su a tabbatar suna nan, kafin a kai shi wurin ɗaurin auren mutane.