Yadda za ka yi allura ba tare da ka soki kanka ba

Abokan aiki a ƙananan asibitocin Daura sun yi ta tambaya, ga matakan:

1. Ajiye kwalin zubar da allura inda hannunka zai kai.
2. Wanke hannu da sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60.
3. Buɗe sabon sirinji a gaban majiyyaci.
4. Yi allurar.
5. Jefa sirinjin da allurarsa cikin kwalin nan take.

Hattara: kada ka mayar wa allura murfinta, ko da ranar rigakafi ce layi ya yi tsawo. A nan ake yawan soke yatsa, kuma ciwon hanta da ƙanjamau na shiga jini ta haka.

6. Sake wanke hannu.
7. Rufe kwalin idan ya kai kashi uku cikin huɗu.
8. Kai shi wurin ƙonawa.