Yadda Ake Ɗaukar Hoto a Ƙarancin Haske da Kuma Kusa-Kusa

Girgizar hannu ce ke lalata yawancin hotunan dare. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan jinkirta ƙiftawarta don ta tara haske, kuma duk motsin da aka yi a wannan ɗan lokacin sai ya fito dishi-dishi. Don haka a fara da saurin ƙiftawa. Da lens mai 50mm kada a sauka ƙasa da 1/60 (wato kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa) idan a hannu ake riƙe da kyamara. Idan mutane na motsi, kamar a wajen kamu ko walima, a hau zuwa 1/125, masu rawa kuwa 1/250.

Sai a buɗe ƙofar lens iya buɗewa; da lambar f ake auna ta, kuma ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi. Lens ɗin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara yakan tsaya a f/5.6 idan an zuƙo shi, alhali mai 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma. Wanda ke yawan aikin dare, wannan lens ɗin ya cancanci kuɗinsa.

ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, shi ne na ƙarshe, kuma kada a ji tsoron 1600 ko 3200. Hoto zai yi tsaki-tsaki, amma ana rage shi a kwamfuta, musamman idan da RAW aka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton da ya girgiza kam ba shi da magani. Idan aka ga ratsi-ratsi ƙarƙashin ƙwan LED, a koma 1/50 ko 1/100, domin wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce.

Ɗaukar kusa-kusa ta fi wuya, saboda a nan dole a tsuke ƙofar da aka buɗe ɗazu. Idan ana ɗaukar zanen lalle, zobe ko aikin hula, iyakar wurin da ke fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba. A f/1.8 idon zoben zai fito, gefensa ya ɓace. A sa f/8 zuwa f/11. Wuce f/16 kuma yana sa hoton ya yi laushi gaba ɗaya.

Tsuke ƙofa na cin haske, saboda haka a ɗora kyamara kan mazauni mai ƙafa uku, a mayar da ISO 100 ko 200, a kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza ta. A kashe saiti na kai tsaye, wato wanda kyamara ke fito da abu tar da kanta, a faɗaɗa hoton a allon baya ninki goma, a murɗa zoben saiti da hannu har zaren ɗinkin ya fito ɗaya bayan ɗaya. Idan saiti ya ƙi kamawa, an matsa fiye da kima ne: lens ɗin 18-55mm ba ya kama abin da bai kai nisan kusan santimita 25 daga cikin kyamara ba. A ja baya, ko a sa zoben ƙarin tsawo tsakanin lens da kyamara, wanda ke sa lens ya kama abu daga kusa.

Filashin kan kyamara ba ya kyau a nan, domin yana ƙone gwal ya zama fari fat, lens kuma ya yi inuwa a ƙasan hoto. Gara a ajiye fitila a gefe, a rufe ta da farin yadi marar kauri, a jingina farar takarda a ɗaya ɓangaren don ta mayar da haske kan inuwar.